Na Nuna Mata Sokawen da Babu Rami a Ƙarƙashinsa

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu bibiyarsa, manya da ƙanana, Allah Ya bar mu tare. Don Allah a sakaya sunana. Ina kuma roƙon kafin wani ya zage ni ko ya yi dariya, ya daure ya kai ƙarshe, domin tawa ba maganar soyayya ba ce irin wadda aka saba gani a nan. Maganar bayan gida ce, ta sokawe, ramin nan da ruwan bayi ke gangarawa cikinsa. Na san wasu har sun yatsine fuska. To ku yi haƙuri, yatsine fuskar nan ita ta kai mu inda muke yau. Rubutuna ma sai an yi masa uzuri, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina goye da ɗana na huɗu.

Ni matar aure ce a cikin garin Azare, 'ya'yana biyar. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ba a jin muryata ko a tsakar gida. Da ina jin daɗin yabon nan. Yanzu kuwa ban sani ba, haƙuri ne ko mutuwar zuciya.

Gidan da muke ciki gidan gado ne. Marigayi surukina, Allah Ya ji ƙansa, mutum ne mai tsari. Da ya tashi sa bayi na zamani a gidan, sai ya sa aka haƙa sokawe babba can ƙarshen gida ta yamma, nesa da rijiya, don kada ƙazanta ta tsiyaya ta ƙasa ta sami ruwan shanmu. Kun san ƙasarmu rairayi ce, abin da ka zuba mata a nan sai ka same shi a can. Da ya rasu aka zo rabon gado tsakanin maigidana da yayansa, wanda yara ke kira Baffa. Malamai suka zo, dattawa suka zo, aka ƙirga ɗakuna, aka auna tsakar gida da igiya, har kan bishiyar darbejiya sai da aka yi musu. Aka ja katanga ta raba gidan biyu. Rijiya ta faɗo ɓangarenmu, sokawe ya faɗa ɓangaren Baffa. A duk taron nan na masu rawani da masu furfura, ba a sami mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce, to bayin fa, ina zai riƙa zuba? Wa zai ambaci masai a gaban malamai? Ai rashin kunya ne. Haka aka shafa fatiha aka watse, bututunmu yana bi ta ƙarƙashin katanga yana zuba a gidan wani, har yau ɗin nan da nake rubutu.

Shekaru muna haka. Duk lokacin da ramin ya cika sai 'yan'uwan nan biyu sun yi wata ba sa gaisawa a kan wa zai kira mota ta kwashe. Manya da su, kowa da gemunsa, suna aika wa juna saƙo ta bakin matansu. Shi kuwa maigidana, maimakon ya bar fili a ɓangarenmu ko don wata rana, sai ya bi duk wani lungu ya dasa gini: shaguna biyu a waje, ɗakin baƙi, har da bayi na zama irin na tangaran a cikin ɗakin da ke jikin katanga, wai don gidan ya yi daraja. Abin da ya rage mana na tsakar gida bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, rijiya kuma tana tsakiya.

Bana ya ce zai sayar, mu koma wanda yake ginawa ta hanyar Jama'are. Baffa ya taya, tayin da ko ni da ban san kasuwa ba na san na raini ne. Malam, wato maigidan nawa, ya ƙi, ya kai wa dillali. Dillalin ya zagaya gidan ya ce komai ya yi, amma gida mai bayi uku ba sokawe ba ya sayuwa. Kun san abin da mijina ya yi? Wata safiya ina wanke-wanke sai ga shi da magini da buhun siminti. Ya nuna masa kusurwar da ke bayan bayin tsakar gida. Maginin ya ce, "Malam, zurfin gaba nawa za a yi?" Ya ce, "Wa ya ce maka haƙa za ka yi? Murfi kawai nake so." Sai maginin ya fashe da dariya ya ce, "Wato hula ba kai." Shi ma ya taya shi dariyar. Suka kwashe rairayi bai fi tsawon tafin hannu ba, suka zuba siminti, suka kafa guntun bututu a kai wai na fitar iska, har da 'yar hularsa, suka zana layi kamar wurin da ake ɗagawa in za a kwashe. Da ya bushe, mijina da hannunsa ya riƙa watsa masa ruwan wanke-wanke da toka don ya yi kamar ya kwana biyu. Mutumin da tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya ɗauke kofin da ya sha ruwa ba, shi ne durƙushe yana shafa toka da tsumma.

Na ce masa a hankali, "Malam, wannan fa na mene ne?" Ya ce, "Ado." Na ce, "Ado a bayan bayi?" Ya ce, "Ke dai naki ido. Wanda ya saya in ya ga matsala ya haƙa nasa, ai ba a sayar da gida da alƙawarin Aljanna." Na ce, "Ya haƙa a ina? Gefen rijiya?" Sai ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, to namu ko ramin ma babu. Kuma wannan fa mutum ne mai sana'ar riɗi da wake a kasuwanni, wanda in ya dawo daga Dambam sai ya cika mana kunne da tsine wa masu zuba yashi a buhun riɗi. Kullum sahun farko. Shi ke tara yara bayan magariba yana ja musu kunne a kan tauye mudu.

Mai sayen ya samu. Wani Alhaji ne mai shagon yadi, asalinsu mutanen Yobe ne amma sun daɗe a Azare suna haya. Ranar da ya zo duba gida aka ce mata su shige ɗaki, ina leƙensu ta labule. Wallahi na ga abin mamaki. Ya ƙwanƙwasa bango, ya kunna kowane ƙwan lantarki, ya durƙusa ya shafa tayil, ya tambayi ina ne alƙibla, ya sa aka ja guga ya kurɓi ruwan rijiya ya ce garɗi gare shi. Har tambaya ya yi ko samarin unguwa na zama a ƙofar gida. Da suka iso kusurwar nan, dillali ya nuna da ɗan makullin babur ɗinsa ya ce, "Ga sokawe nan, Alhaji, ɗaki biyu ne a ƙasa, sai ka manta da ana kiran mota." Alhajin ya kau da kai kamar an nuna masa tsiraici, ya ce, "Madalla, madalla," ya yi gaba. Shi ke nan fa! Mutumin da in ragon layya zai saya sai ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya ɗaga jela ya leƙa. Amma gidan da zai zuba iyalinsa, ko taka murfin bai yi ba ya ji ko akwai rami a ƙasa. Wace irin kunya ce wannan da take hana mutum kallon inda shi da kansa zai tsuguna kullum?

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsakaninsu ne maza, can su ƙarata. To ba a nan ya tsaya ba, kuma nan ne nawa laifin ya shigo.

Alhajin ya ce matarsa za ta zo ta ga cikin gida. Da safen ranar, Malam ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ko zama bai yi ba, ya ce, "Baƙuwa za ta zo. Mata akwai surutu. To ki saurara da kyau: idan maganar ramin nan ta fita daga wajenki, a bakin aurenki." Shekara ashirin da ɗoriya muna tare, ko da wasa bai taɓa ambata mini saki ba. Ban taɓa zaton ranar da zai ambata, a kan masai zai ambata ba. Ashe darajata a gidan nan ba ta kai ta faifan siminti ba.

Matar ta zo da hantsi. Zan ce mata Falmata, ba sunanta ba ne. Doguwa ce, mai fara'a, ba za ta girmi ƙanwata ba, tana shigowa ta ce mini Yaya. Ita ba irin mijinta ba ce. Ba ta kalli tayil ba, ba ta kalli silin ba, kai tsaye ta ce in nuna mata bayi. Da muka shiga ɗakin jikin katanga ta ga bayin zaman nan, sai ta tsaya ta dafa ƙofa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya, saboda wannan na nace wa Alhaji a kan gidan nan." Ashe mahaifiyarta ce ke hannunta, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ba ta iya tsuguno. A gidan hayarsu masai ɗaya ne can ƙarshen gida, na haɗaka da maƙwabta. Ita da 'yarta suke cicciɓar tsohuwar su ratsa tsakar gida da ita a gaban mutane, in ba hali kuma sai fo a ɗaki. Ta ce, "Inna mace ce mai tsafta, da ƙuruciyarta ko ɗanta bai taɓa ganin ta nufi bayi da buta ba. Yanzu rage cin abinci take yi don kada ta wahalar da mu. Kullum sai ta yi kuka." Ta danna abin ruwan, ruwa ya tafi sumul, ta yi murmushi. Sai ta juyo ta ce, "Ina yake zuwa? Don mu a can da damina mun ga tashin hankali, ramin tumbatsa yake har ƙofar ɗaki."

Jama'a, ga ni ga ta, ba kowa a gidan sai kaji. Tambayar da maza goma suka kasa yi, yarinyar nan ta yi ta. Ni kuwa na fito tsakar gida, na ɗaga wannan hannun nawa da nake alwala da shi, na nuna mata kusurwa na ce, "Ga shi can." Ta ce, "Yana saurin cika?" Na ce, "Tunda aka yi shi bai taɓa cika ba." Kun ji irin ƙaryar masu tsoron Allah ko? An zaɓo kalmomi an jera yadda ba za a ce ka yi ƙarya ba, alhali ka yanka mutum. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai maganar mace 'yar'uwata ta fi mini ta dillali sau dubu." Na raka ta har zaure ina cewa ta gaida gida.

Na kasa zama. Bayan kwana biyu na zuba ɗanwake a kwano na zagaya gidan Baffa, da niyyar in roƙe shi ya bar bututun yadda yake ko bayan mun tashi. Na same shi a zaure yana jin rediyo, zaune a kan buhun siminti. Matarsa ta taɓa gaya mini tun ranar da ya ji an kai gidan wajen dillali ya sayo shi ya ajiye, na farkon har ya daskare ya sake sayen wani. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baffa, baƙin nan in sun tare, yaya za a yi da maganar ramin?" Ya daki buhun ya ce, "Ranar da suka sauke kaya, ranar zan kwaɓa wannan in toshe." Na ce, "Akwai tsohuwa marar lafiya a cikinsu." Ya ce, "Uwata ce? Na ƙanena na ɗauka shekara da shekaru don darajar Baba. Na Barebari kuma su kwasa su kai Yobe." Na ce, "To ai gara ka aika musu tun yanzu su sani." Sai ya rage muryar rediyon ya dube ni kamar ya ga taɓaɓɓiya. Ya ce, "In gaya musu su fasa, mijinki ya samo wani? A'a, 'yar nan. Bari su saya. Ranar da abin ya dawo musu ta ƙasan ƙofa, da ƙafarsu za su zo nan su roƙe ni in karɓi gidan yadda na ga dama. Gidan ubana ne, zai dawo." Ya buɗe kwanon ya ce ɗanwaken ya yi, sai dai yaji ya yi kaɗan.

Kun ga 'ya'yan mutumin kirki. Ɗaya ya yi murfi ba rami, ɗaya yana zaune a kan siminti yana jiran tsohuwa ta shigo tarko. Ciki ɗaya suka fito, ba sa ga maciji, amma a kan cutar bare sun haɗu ba tare da sun yi shawara ba. Ni kuma ta ukunsu, mai haƙuri, mai sanyin murya.

Na san abin da zai faru, don na taɓa gani sau ɗaya da bututun ya toshe da kansa. Ba a bayin tsakar gida yake fara dawowa ba. A ɗakin jikin katanga yake farawa, don shi ne a gangare, shi ne kusa da inda bututun ya ratsa. Wato ɗakin tsohuwar. Matar da ba ta iya tashi da kanta, tana kwance abin zai malalo. In kuma suka ce za su haƙa nasu na gaskiya, babu fili sai gefen rijiya, kafin damina biyu ruwan da Alhaji ya ce garɗi gare shi ya zama abin da ba a faɗa. Ko bayi ko rijiya, ɗaya za su zaɓa, alhali kuɗin duka biyun za su biya.

Ko ba ku ba ni shawara ba, ku ɗauki wannan daga bakin wadda ta ga yadda ake yi. In za ku sayi gida, ku ajiye kunya a zaure. Kada ku yarda da nuni daga nesa, ku ce a ɗaga murfin ku leƙa da idonku, wani ya zuba ruwa a bayi kuna tsaye ku ga ya iso. Ku duba tsakaninsa da rijiya. Ku tambayi yaushe rabon da a kwashe, kuma ta ina motar take shigowa, don akwai lungun da ko amalanke ba ta shiga. In da hali ku koma gidan ana tsakiyar damina, lokacin ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. In kuwa aka ce muku gidan gado ne da aka raba, to ku bi bututu da ƙafa har inda ya ƙare, ku shiga wajen maƙwabcin da ke bayan katanga ku gaishe shi ku tambaye shi. Kuma kada ku ce don mace ce ta faɗa muku shi ke nan. Ba ku san abin da aka ce mata da safe ba.

Yanzu ga inda nake. An yi ciniki amma ba a kammala ba, sai Juma'ar nan bayan an sauko masallaci shaidu za su zauna a ƙofar mai unguwa a damƙa. In aka shafa wannan fatihar, magana ta ƙare. Na sake gwada Malam jiya yana cin tuwo, na ce ko rage musu za a yi a gaya musu gaskiya, su san da abin da suka saya. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Na faɗa miki magana, ban janye ba. Miƙo mini ruwa." Na miƙa masa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina tambayar kaina wai wannan ne na yi shekaru ina tashi tsaye in ya shigo?

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Mahaifina ya rasu, gidanmu a wani ƙauye ne ta wajen Shira, yana hannun ƙanena da iyalinsa, ɗakin da zan sa kaina ma babu. Babbar 'yata bana za ta rubuta jarrabawar fita sakandare, autana ko yaye bai daɗe da yi ba. Ina zan kai su? In na bar su kuma, wa zai riƙe su, mai shafa toka? Har tunani na yi in aika wani ya tsegunta wa Alhajin, to mu nawa muka sani? Magini da dillali sun ci nasu, Baffa jira yake. Ko daga sama maganar ta faɗo, ni Malam zai kalla. Na kuma kama kaina ina lissafin wai in ban furta ba, na dai tura guntun bututun kan murfin da ƙafa ya faɗi a gaban Falmata, ko sakin zai auku. Sai na ji kunyar kaina, don irin wannan wayon ne dai ya haifi murfin.

Shekaranjiya Falmata ta aiko mini da turaren wuta da humra a 'yar kwalba, irin nasu mai kyau. Na kasa buɗewa, yana nan ƙarƙashin gado. Ɗazu kuma ta kira ni. Ta ce ranar Alhamis za ta zo ta auna inda gadon Inna zai zauna, kuma tsohuwar ta kafe sai an zo da ita. Ta ce, "Yaya, tunda na ba ta labarin bayin nan ta koma cin abinci. Ta ce a kawo ta ta gani da idonta, ta sa wa matar gidan albarka."

Alhamis Malam ba ya gari, yana kasuwa. Ni zan tare su a zaure, ni zan kama wa Falmata keken marasa lafiya mu shigo da tsohuwar, hanyar ɗakin kuwa ta gefen murfin nan ta bi. Iyayena, 'yan'uwana, malaman da ke cikinku, ku dubi Allah ku gaya mini: in tsayar da keken a nan in buɗe bakina in tafi da igiyar aurena a tsinke, ko in sunkuyar da kai tsohuwa ta dafa ni ta sa mini albarka? Ni dai, me zan yi?